AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Ali Farka Ture, Manomin Da Kiɗansa Ya Zagaya Duniya

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomin shinkafa a yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya ce a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa mai yawa ga ma'aikatan wannan fili, malamin ya ce gardama ce ta kaure tsakaninsa da abokansa 'yan tireda ran kasuwa, a kan makaɗin nan na ƙasar Mali, marigayi Ali Farka Ture. Shi ya ce manomi ne, su kuwa suka ce faufau, mutumin da Turawa ke rububin sayen kiɗansa ba zai koma ya riƙe fartanya ba. Don haka yake roƙon a ba shi tarihin mutumin: yaya yake tsara waƙoƙinsa, ta wace hanya muryarsa ta fita daga ƙauye har ta kai Turai da Amurka, kuma shin ya ci moriyar guminsa, ko kuwa wasu ne suka ci?

AMSA: To Malam, muna amsa gaisuwa, mun kuma gode da wannan takarda taka. Sai ka gyara zama, kai da abokan gardamar taka, domin labarin yana da ɗan tsawo.

Haihuwarsa da asalin sunan Farka

An haifi Ali Ibrahim Ture a shekarar 1939, a wani ƙauye da ake kira Kanau, a gaɓar kogin Kwara, cikin jihar Tumbuktu ta arewacin Mali. Wato dai wannan kogin da ya ratsa ta Yamai ya biyo ta wajenku can Gaya, shi ne ya fara bi ta ƙofar gidansu. A lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Mahaifinsa ya rasu tun yana jariri, daga nan iyalin suka koma garin Niyafunke, shi ma a bakin kogi, kudu maso yamma da Tumbuktu. Wannan gari shi ne ya zame masa gida har ƙarshen rayuwarsa.

Ali shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, amma duk yayyensa maza tara sun rasu tun suna ƙanana. Ka san a ƙasar Hausa idan mace tana wabi, akan laƙaba wa yaron da ya zo daga baya suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas. To su ma mutanen can suna da irin wannan al'ada. Sai aka laƙaba masa Farka, wato jaki da harshen Songai, 'yan'uwan Zabarmawa, saboda juriyar jaki da taurin kansa. Shi da kansa yakan yi raha da sunan, ya ce lalle shi jaki ne, amma irin wanda ba a hawa.

Bai yi makarantar boko ba. A gona ya tashi, da ya zama saurayi kuma ya taɓa sana'o'i iri-iri: ya yi kanikanci, ya yi tuƙin mota, ya kuma tuƙa jirgin ruwan da ke ɗaukar marasa lafiya a kan kogi. Wannan yawo ya haɗa shi da ƙabilu da dama, shi ya sa daga baya ya yi waƙa da harshen Songai, da Fillanci, da Buzanci, da Bambaranci.

Daga tsirkiya ɗaya zuwa tsirkiya shida

Wani abin da ya kamata ka sani, Malam, gidan su Ali ba gidan kiɗa ba ne. A Mali, kamar yadda yake a wurinmu, kiɗa da roƙo gado ne, akwai gidajen da aka san su da shi kaka da kakanni. Saboda haka danginsa ba su yi murna ba da suka ga hankalin yaron ya karkata can. Amma jaki in ya kafe, ya kafe. Yana da shekara kamar goma sha biyu ya haɗa wa kansa wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da suke kira jarkel, wanda in ka gan shi sai ka tuna da kuntigin Ɗanmaraya Jos. Ya kuma koyi njarka, wato ɗan ƙaramin goge mai kama da kukuma, da ngoni mai kama da molo, da sarewar Fulani. Yawancin kiɗan da ya fara ji a Niyafunke na wasannin iskokin kogi ne, masu kama da bori, ko da yake shi Musulmi ne mai riƙo da addininsa.

A shekarar 1956 ya ga wasan wani gwanin jita ɗan ƙasar Gini mai suna Fodeba Keita. Daga ranar ya ƙudura a ransa sai ya iya wannan abu mai tsirkiya shida. Da yake ba shi da tasa, sai ya riƙa aron ta mutane. Dabarar da ya yi kuwa ita ce, bai tsaya koyon kiɗan Turawa ba. Kiɗan jarkel da na ngoni ya kwaso ya ɗora a kan jita, yana taɓa ta kamar yadda ake taɓa kayan gida. Wannan shi ne sirrin da ya bambanta hannunsa da na kowa.

Da Mali ta sami mulkin kai a shekarar 1960, gwamnatin Modibo Keita ta kafa ƙungiyoyin kiɗa da wasanni a gundumomi, ana haɗa su gasa. Ali ya shiga ta gundumar Niyafunke har ya zama ɗaya daga cikin shugabanninta. A shekarar 1968 aka tafi da shi wani bikin al'adu na duniya a birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya. Wannan ne fitarsa ta farko daga Afirka, kuma a can ne ya sayi jitarsa ta farko, yana ɗan shekara kusan talatin. Ka ga ke nan ya fi shekara goma yana kiɗa da kayan aro.

Yadda yake tsara waƙa

Ali ba ya zama da takarda da alƙalami ya rubuta waƙa. A ka yake tsara ta, a ka yake ajiye ta, kamar yadda manyan makaɗanmu na gargajiya suke yi. Sau da yawa yakan ɗauko tsohon kiɗa na Songai ko na Fulani ko na Buzaye, wanda ya ji a wurin tsofaffi, ya gyara masa zama a kan jita, sa'an nan ya ɗora masa kalmomi. Jita tana maimaita amo guda, mai ƙwarya yana riƙe da taki, shi yana bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Abubuwan da yake waƙa a kansu kuwa su ne noma da aiki tuƙuru, neman ilmi, zaman lafiya tsakanin ƙabilu, soyayya, da sha'anin kogi. Da yake shi ba maroƙi ba ne, bai dogara da wasa masu kuɗi don su yi masa kyauta ba.

A ƙarshen shekarun 1960 ne, a Bamako, ya fara jin faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka, irin su James Brown da Otis Redding, da kuma wani mai suna John Lee Hooker, gwanin wani salon kiɗa da suke kira bulus. Da ya ji Hooker sai ya ce ai wannan kiɗan gidansu ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da shi. Daga baya 'yan jaridun Turai suka yi ta kiransa mai bulus na Afirka, shi kuwa bai cika son wannan suna ba. Abin da yakan faɗa shi ne, saiwa da gindin itacen suna wurinsu, rassa da ganye ne suke Amurka.

Gidan rediyo da kaset ɗin gwaji

A shekarar 1970 ya koma Bamako ya kama aiki a gidan Rediyon Mali, a sashen masu kula da na'urorin ɗaukar murya, yana kuma kiɗa tare da ƙungiyar makaɗan gidan rediyon. A wancan zamani duk wanda ke son a ɗauki muryarsa da kyau a Mali, gidan rediyo zai nufa. To ga Ali a cikin ɗakin, ga na'ura a hannunsa. Nan ya koyi inda ake ajiye makirfo, da yadda ake daidaita ƙarar jita da ta murya don kada ɗaya ta danne ɗaya. Ya ɗauki waƙoƙinsa da dama, ana sa su a rediyo, jama'a suka fara saninsa.

A nan sai mu ɗan yi bayanin abin da ake nufi da kaset ɗin gwaji, tun da shi ne tsanin da makaɗa da yawa suka taka. 'Yan kasuwa sun san samfur: mai hatsi ba ya ɗauko buhu ɗari ya kai wa mai saye, ɗan kaɗan yake ɗiba a hannu ya nuna, in an yaba sai a yi ciniki. To haka makaɗi yake ɗaukar waƙoƙinsa a sauƙaƙe, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, ya aika wa kamfanin buga faifai. In kamfani ya ga za ta karɓu, sai ko dai ya kira shi a sake ɗauka a babban situdiyo, ko kuwa in ɗaukar ta yi kyau a buga ta yadda take.

Wani abokinsa ɗan jarida ne ya ba shi shawara ya aika da irin waɗannan ɗauke-ɗauke nasa zuwa wani kamfani a birnin Paris mai suna Sonafric. Kamfanin ya karɓa, a shekarar 1976 faifansa na farko ya fito, wasu kuma suka biyo baya. Sunansa ya bazu a Mali da maƙwabtanta, amma waɗannan faya-fayai na farko ba su mai da shi mai arziki ba. A shekarar 1980 ya tattara ya koma Niyafunke, ya ci gaba da nomansa.

Cigiya a gidan rediyo

Allah mai yadda ya so. A tsakiyar shekarun 1980, wani ma'aikacin gidan rediyon BBC mai gabatar da kiɗe-kiɗe, Andy Kershaw, yana bincike a wani kantin faya-fayai a Paris, sai ya ci karo da wani faifan Ali mai jan bango, a cikin tarin waɗanda aka karya wa farashi. Ya saya, ya koma Landan ya sa a shirinsa. Masu sauraro suka yi ta tambaya, wane ne wannan? Sai wata mata mai suna Anne Hunt, ta wani ƙaramin kamfani da ake kira World Circuit, ta taso takanas ta Kano ta zo Bamako nemansa. Da ba ta san inda za ta same shi ba, sai aka yi cigiyarsa a Rediyon Mali, aka kuwa yi sa'a ya shigo birnin a lokacin, ya ji da kunnensa, ya zo.

A shekarar 1987 ya je Ingila ya yi wasanni, ya kuma ɗauki faifansa na farko da wannan kamfani. Daga nan ya ƙulla da Nick Gold, wanda ya zama mai shirya masa faya-fayai har ƙarshen rayuwarsa, kusan shekara ashirin.

Haɗin gwiwa a situdiyo

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A situdiyo akwai makaɗi, akwai injiniya mai kula da na'ura, akwai kuma mai shirya faifai, wanda shi ke zaɓen waƙoƙin da za su shiga da mutanen da za a gayyato. Akan ba kowane abin kiɗa makirfonsa, a ɗauke shi a layinsa daban, daga baya a zauna a tace, a ƙara wannan a rage wancan, har a fitar da uwar faifai wadda daga jikinta ake buga sauran.

A faifan The River na shekarar 1990 an haɗa shi da wasu makaɗan gargajiya na ƙasar Ailan, 'yan ƙungiyar Chieftains. A wanda ya biyo baya, The Source, ya yi aiki da Taj Mahal, baƙar fatar Amurka mai kiɗan bulus. Amma wanda ya fi ɗaga sunansa shi ne aikinsa da Ry Cooder, wani gwanin jita Ba'amurke. Sun haɗu a Landan a shekarar 1992, jininsu ya haɗu, har Ali ya ba shi kyautar jarkel ɗinsa. A watan Satumba na 1993 suka shiga situdiyo a birnin Los Anjalis, Ali da mutanensa biyu, Hamma Sankare mai ƙwarya da Umar Ture mai ganga, ga kuma makaɗan Amurka. Cikin kwana uku aka gama. Faifan, mai suna Talking Timbuktu, ya fito a 1994, a shekarar 1995 kuma ya ci Grammy, wato babbar lambar yabon da masu sana'ar kiɗa na Amurka ke bayarwa duk shekara.

Abin lura a nan, Malam, a duk waɗannan haɗuwa waƙoƙin nasa ne, harshen nasa ne, takin ma nasa ne. Baƙin ne suke bin sawunsa. Wannan ya sa ko da aka zuba kayan kiɗan Turawa a ciki, mutumin Niyafunke in ya ji ya san kiɗan garinsu ne.

Situdiyo ya bi shi gona

Yanzu sai mu zo kan gardamarku. Bayan wannan lambar yabo, lokacin da ake ta gayyatarsa ƙasashe, sai Ali ya rage fita, ya koma ya duƙufa a kan gonarsa. Ka tuna yankin nasu ya sha wuyar farin 1973 da na 1984, waɗanda ku ma ba ku manta da su ba. Ya ga cewa ga kogi yana wucewa, ga mutane suna jiran ruwan sama. Sai ya zuba kuɗin kiɗansa a injunan ban-ruwa da kayan noma, yana noman shinkafa da 'ya'yan itatuwa, yana kuma kiwo. Ko a gaban 'yan jarida, manomi yake fara kiran kansa kafin makaɗi.

Da Nick Gold ya ga ba shi da niyyar barin gona, sai ya kwaso na'urorin ɗaukar murya, da janareta, da injiniya mai suna Jerry Boys, suka bi shi har Niyafunke. A wani tsohon gini da aka daina amfani da shi a gefen gari suka kafa kayansu. Sai Ali ya gama abin da yake yi a gona, sa'an nan ya zo a yi ɗauka. Faifan ya fito a 1999 da sunan garin. A wannan zama ne kuma aka ɗauki faifan almajirinsa Afel Bokum, wanda ya daɗe yana yi masa amshi. Saboda haka ka gaya wa abokanka, a wannan gardama kai ne da gaskiya.

Shin ya ci moriyar guminsa?

Cinikin waƙa iri biyu ne. Akwai wanda za a biya makaɗi kuɗi dunƙule sau ɗaya, daga nan ko an sayar da faifai dubu nawa ba shi da ko anini. Wannan daidai yake da manomin da ya sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye saboda matsi. Akwai kuma wanda za a rubuta yarjejeniya, makaɗi yana da kasonsa a kan kowane faifai da aka sayar, mai waƙa kuma yana da haƙƙinsa duk lokacin da aka yi amfani da ita. Sai a rabi na biyu na rayuwarsa, bayan 1987, kiɗa ya fara kawo wa Ali abin da za a kira dukiya, daga cinikin faya-fayai a ƙasashen waje da kuma wasannin da yake yi a can.

A gida kuwa matsalar ita ce satar fasaha. Mutum zai sayi kaset guda ya kwafi ɗaruruwa ya baza a kasuwa da araha, mai waƙa bai sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ali ya shiga wannan fage da kansa, inda ya haɗa jari da wani Bafaranshe mai suna Philippe Berthier a kamfanin buga kaset na Mali K7 a Bamako, domin makaɗan ƙasar su sami inda za a buga musu na halal. Duk da haka, a shekarar 2005 sai da kamfanin ya rufe ƙofarsa na wani lokaci, don nuna kukansa a kan yadda kaset ɗin sata ya cika kasuwa. Yau kaset ya wuce, waya da katin memori ne suka maye gurbinsa, amma maganar tana nan: duk wanda ya tura waƙa a sayar ba da iznin mai ita ba, gumin wani ya ci.

Wataƙila sanin wannan wahala ce ta sa bai so ɗansa Vieux, wanda aka haifa a 1981, ya bi sawunsa ba. Soja ya so ya zama. Sai da Tumani Diyabate ya sa baki, sa'an nan ya sa masa albarka, har ya yi masa kiɗa a faifansa na farko. Wannan ɗa shi ne ya yi wasa a bikin buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Afirka ta Kudu a 2010.

Shekarunsa na ƙarshe

A shekarar 2004 mutanen Niyafunke suka zaɓe shi magajin gari. Da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyi, ya haƙa magudanun ruwa, ya kuma riƙa sayen man janaretan da ke ba garin wuta. A wannan shekara ce kuma aka kafa na'urori a wani ɗaki na otal ɗin Mande, a bakin kogi a Bamako, ya zauna da Tumani Diyabate, gwanin kora, wato wani abin kiɗa na Mandingo mai tsirkiya 21. Ɗaya ɗan arewa, ɗaya ɗan kudu kuma ɗan gado. Ba su yi wani gwaji ba kafin ɗauka, zama uku kawai suka yi aka gama. Faifan, In the Heart of the Moon, ya fito a 2005, ya ci masa Grammy ta biyu a watan Fabrairu na 2006.

A lokacin ciwon dajin ƙashi ya riga ya ci ƙarfinsa. Allah ya yi masa rasuwa a Bamako a farkon watan Maris na 2006, yana da shekara 66. Gidajen rediyon Mali suka dakatar da shirye-shiryensu suna sa waƙoƙinsa, aka kai shi Niyafunke aka rufe. Faifansa na ƙarshe shi kaɗai, Savane, wanda ya saurara ya amince da shi makonni kaɗan kafin cikawarsa, ya fito a watan Yuli na wannan shekara. Wani kuma da suka ɗauka da Tumani a Landan a 2005 ya fito a 2010, ya ci Grammy ta uku a 2011, bayan ransa. Shekara shida da rasuwarsa, a 2012, 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali har da Niyafunke, suka hana kiɗa, makaɗan garin da dama suka yi gudun hijira zuwa Bamako. Shi ma Tumani Diyabate ya rasu a shekarar 2024. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan namu magabata.

To Malam, da fatan ka gamsu. Sauran masu sauraro da muka ga takardunsu, ku ƙara haƙuri, layi na zuwa kanku. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, a riƙa rubuta su a fili yadda za su karantu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.